Kurakuran da suke tsayar da mai ukulele bayan ya iya C, F, G7 da Am

Akwai wani mataki da yawancin masu ukulele, ƙaramar gitar nan mai tsirkiya huɗu, suke maƙalewa, ka iya kod (sautukan da ake kaɗawa tare) na C da F da G7 da Am, hannun dama ya saba da sama da ƙasa, in an rubuta maka kod a kan baiti za ka raka waƙa tsaf, amma da mai waƙa ya ce "ɗan sauke min ki ɗin nan muryata ba ta kaiwa" (ki shi ne matakin sautin da waƙa take zaune a kai) ko a ce yi mana solo, wato ka fitar da karin kiɗa kai kaɗai, sai ka tsaya kana kallon yatsunka. Tushen abin guda ne, hoton kod ka haddace, ba ka san sautukan da ke cikinsa ba.

Ɗauki C ɗin da kowa ya iya. Saitin ukulele G C E A ne, kuma in an rubuta 0003 ana nufin tsirkiya ukun farko a sake, ta A kuma a danne firet na 3 (firet su ne gaɓoɓin da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan ukulele), to sautukan da ke fita su ne G, C, E, C. Yanzu ja yatsan baya zuwa firet na 2, ka samu Cmaj7. Ƙara ja zuwa na 1, ka samu C7, wanda da ka kaɗa shi kunne zai fara jiran F. Ɗauke yatsan gaba ɗaya, 0000, wannan C6 ne kuma shi ne dai Am7. Kod huɗu ke nan da yatsa ɗaya, amma sai ka ga mutum yana neman kowanne daban a intanet yana haddacewa kamar ba su haɗa komai ba. Duk kod ɗin da ka riƙe ka riƙa kiran sunan sautin kowace tsirkiya da baki, abin da gundura da farko, ka daure.

Kuskure na gaba shi ne riƙe waƙa da sunayen kod maimakon lamba. A ki na C, C shi ne 1, F ne 4, G ne 5, Am ne 6. In ka riƙe cewa waƙar 1, 6, 4, 5 ce to ka gama, a ki na G za ta zama G, Em, C, D, a ki na F kuma F, Dm, Bb, C. Kapo, abin da ake maƙalawa a wuya ya danne duk tsirkiyoyin, yana taimakawa ba na musu, amma a kan ƙaramar ukulele ta soprano cinye maka wurin hannu yake yi, kuma ba ya koya maka komai.

Tunda an ambaci Bb, ga inda mutane suke gudu. Bb da E su ne dodanni, shi ya sa wasu shekara da shekaru ba su taɓa wuce firet na 4 ba, rabin wuyan ukulelen sabo fil. Alhali Bb ba komai ba ne illa A ɗinka na 2100 da aka tura gaba da firet ɗaya ya zama 3211, ƙara turawa biyu ka samu 5433, wani C ne mai murya sama. Haka C na 0003 in ka kwantar da manuniya a firet na 2 ya zama 2225 to D ne, a firet na 4 kuma 4447 ga E nan ba tare da murɗe yatsu irin na 4442 ba. In sautin yana fita a dushe yawanci ba rashin ƙarfi ba ne, babban yatsa ne ya leƙo sama maimakon ya zauna a bayan wuya, ko kuma ka kwantar da manuniya da tsokarta mai laushi, ɗan karkata ta gefe inda ƙashi yake ka matso kusa da ƙarfen firet. Masu cewa kawai ka sa E7 a madadin E kuma, rabin gaskiya suka faɗa. In waƙar a ki na A take, E7 ya zauna daram. In E ne gidan waƙar, sautin D da ke cikin E7 zai sa ta ƙi zama, kullum kamar za ta tafi wani wuri.

Sai tsirkiyar G. Wanda ya zo daga gita yana ɗauka ta sama ita ce mafi kauri a murya, sai ya fara sikel, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, daga can ya ji sautin ya yi tsalle ya faɗo. A saitin da aka saba G ɗin nan sama take, C ce mafi ƙasa, gado ne daga kayan kiɗan da mutanen tsibirin Madeira na Fotugal suka shigo da su Hawai a 1879. Don haka fara sikel daga tsirkiyar C. In kana son faɗin murya sosai sai ka sa G mai kauri, ana sayar da ita daban, amma ka sani zaƙin nan na kaɗi zai ɗan canza. Mai baritone, babbar ukulele, kuma nasa D G B E ne, hoton da ke ba wasu C shi G zai ba shi.

Yanzu solo, inda ɓarnar ta fi yawa. An ce maka koyi sikel mai sauti biyar, C D E G A, wato tsirkiyar C a sake da firet 2, ta E a sake da firet 3, ta A a sake da firet 3, kuma shawara ce mai kyau, kunnenmu ma ya saba da irin wannan tafiyar tun a kiɗan gida. Kuskuren shi ne hawa da sauka a kanta daga farko har ƙarshe ba ruwanka da wane kod ne ke tafiya a ƙasa, ba za ka yi sautin banza ba amma kuma ba ka ce komai ba, kowace waƙa solo ɗinka iri ɗaya. Abin yi shi ne duk sanda kod ya canza ka sauka a kan sautin da ke cikinsa, musamman na ukunsa, don shi ne ke nuna mejo ne ko maino. A kan C sauka a E, a kan F sauka a A, a kan G7 sauka a B wato firet 2 na tsirkiyar A, kuma lura B ɗin ma ba ya cikin biyar ɗin can.

Gwada da ɗan zagayen nan da 'yan Hawai suke sawa tsakanin baiti da baiti, D7 bugu biyu, G7 bugu biyu, C bugu huɗu. Ɗauki kod ɗin a waya ka kunna, kai kuma ka tsaya a tsirkiyar E kaɗai: firet 2 a kan D7, firet 1 a kan G7, a sake a kan C. F#, F, E. Sauti uku kacal suna gangarowa, amma wallahi ko an kashe rakiyar za ka ji kod ɗin suna canzawa a kunnenka. Wannan shi ne bambancin. Haka in waƙar C ta bi ta E7 za ta Am, G# ake so, firet 4 a tsirkiyar E. Kuma kada ka daɗe a kan F alhali ana C, goga E yake yi, wucewa ake yi ta kansa.

Wani abu kuma, cika ko'ina da sauti saboda tsoron shiru. Yi kamar mawaƙi da 'yan amshi, ka faɗi gajeren zance na sauti huɗu ko biyar, ka yi shiru na tsawonsa, sannan ka maimaita shi ka canza ƙarshen kawai. Sa metronom, na'urar ƙidaya bugu, a 60 ko 70, ƙafa tana bugawa, don mai sauti daidai a lokacin da ba daidai ba ya fi mai kuskuren sauti ɓata kiɗa, ni dai a ganina.

In kuma ka yi duk wannan kana jin sama da firet na 5 abin ba ya daɗi, duba kayan kafin ka zargi kanka. Sabuwar tsirkiyar nailan tana miƙewa na kwanaki, sai ka yi ta sake saiti. Danna da ƙarfi fiye da kima yana ɗaga sauti. Kaɗa tsirkiya a sake sannan a firet na 12 ka duba da tuna, na'urar saita sauti, ya kamata suna ɗaya ya fito kuma allurar ta tsaya a tsakiya, in ta karkata sosai to tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya ko sun tsufa, canza su ko ka kai wa mai gyaran gita ya rage tsayin.