Yadda na gyara tsohon ƙyauren da ya daina rufuwa

Ƙyauren nan ya girme ni nesa ba kusa ba, aikin hannu ne tsantsa, kuma wata biyu ke nan yana jan ƙasa in za a rufe. Da farko na ɗauka hinji ne, na ɗaure, shiru. Sai da na sauke shi na kwantar sannan na ga ashe mahaɗar ƙasa ce ta saki, can baya wani ya danna mata ƙusoshi har guda shida, suka yi tsatsa suka tsaga katakon, wallahi sai da raina ya ɓaci don masu aikin farko ko ƙusa ɗaya ba su sa ba, harshe ne da rami kawai, wato bakin katako ɗaya da aka fere yana shiga ramin da aka sassaƙa a ɗayan, sai turakun itace da ke riƙe su.

Na zare ƙusoshin a hankali, na sare ruɓaɓɓen wurin da cizal har na kai lafiyayyen katako, na yi ƙari da busasshen katako irinsa, jijiyarsa na bin ta tsohon. Gam na fata na sa saboda gobe in wani zai gyara, ruwan zafi kaɗai zai sake shi.

Wurin turakun ne dabarar take. Hudar harshen ban daidaita ta da ta gefen ramin ba, na matso da ita kamar milimita 2 wajen kafaɗa, wato gindin harshen inda katakon ke tokarewa, to da na buga turken sai ya jawo mahaɗar ta matse sosai da kanta. Na bar shi ya kwana kafin in rataya. Yanzu da yatsa ɗaya yake rufuwa.