Darasi na 6: Yadda Ake Raya Iksora Ta Tsallake Rani

Iksora ita ce ƙaramar shukar nan mai dunƙulen jan fure da ake shinge da ita a gaban ofisoshi da makarantu. Asalinta kudancin Indiya ne, inda iska ke da laima. Shi ya sa a Kaduna damina ba ta ba ta wahala, hunturu da bazara ne ke kashe ta.

A dasa ta a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, a wurin da ke samun ranar safe, inuwa ta rufe shi bayan azahar. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, faɗinsa ma haka. Jar ƙasa kan daskare da rani, don haka a gauraya kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na takin shanu da ya ruɓe, da ɗaya na yashi. Ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. Tsakanin shuka da shuka a bar santimita 60.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙasa. Iksora na son ƙasa mai ɗan tsami, toka da siminti da ruwan wanki kuwa suna kashe tsamin. Sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kawai ne kore. Mai gida ya ga haka ya ɗauka ƙishi ne, ya yi ta ƙara ruwa har saiwa ta ruɓe. Maganin shi ne a daina zuba toka, a nisanta ta da jikin katanga, a ƙara ruɓaɓɓen ganye.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu a ba ta rabin bokiti duk bayan kwana biyu, da sassafe, a gindi. A fara tura yatsa cikin ƙasa; in da danshi, a bari sai gobe. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa kauri yatsu uku, amma kada ya taɓa kara, saboda gara.

Fure a kan sabon reshe yake fitowa. Mai aske ta kowane wata ganye kawai zai gani. A rage rassa sau ɗaya, da farkon damina.

In tururuwa na hawa da sauka, a duba bayan ganye, za a ga farin ƙwaro kamar auduga. A daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako har ya ɓace.