Yadda Nake Koya wa Yaran Aboabo Kalmomin Bayoloji

Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar nakan jera benci uku a tsakar gidanmu a Aboabo, yaran sakandare masu shirin jarrabawar WASSCE su zo mu yi bayoloji. Kusan duk wanda ya zo ciwonsa ɗaya ne: kalmomi. Yaro zai zo da littafi cike da su, ya haddace tas da ma'anarsu, amma in na ɗan karkata tambayar sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ban raina hadda ba, mu 'yan zango da ita muka tashi tun muna riƙe da allo. Sai dai kalmomin nan sun fi ƙarfin hadda saboda yawansu. Ga yadda nake bi da su. Zan rubuta kalmomin yadda za ka gan su a takardar jarrabawa, don a can ne za ku haɗu.

Fara da yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe. Wanda ya san "yanka" ba sai an fassara masa "mayanka" ba, wanda ya san "kulle" ya san "makulli". Wanda ya yi makarantar Arabiyya kuma ya san dangantakar kitabu da katibu da maktaba. Kalmomin bayoloji haka aka ƙera su, daga Girkanci da Latin. Hepat hanta ce, nephr ƙoda, cardi zuciya, haem jini, derm fata, oste ƙashi. A wutsiyar kalma kuwa, itis na nufin kumburi, lysis fashewa ko wargajewa, cyte ƙwayar halitta. Ranar da yaro ya riƙe waɗannan tara, sai in rubuta masa nephritis a allo, kalmar da bai taɓa gani ba, in yi shiru. Can sai ka ji ya ce, "Madam, kumburin ƙoda ne?" Daga nan haemolysis da osteocyte da dermatitis ba sa buƙatar ni.

Wutsiyoyi biyu da suka fi biyan kuɗin sabulu su ne ose da ase. Ta farko yawanci sukari ce ko danginsa, ta biyu kuma enzayim ne, wato furotin ɗin da ke hanzarta aiki a jiki. Lactose sukarin madara, lactase mai farfasa shi. Maltose da maltase, sucrose da sucrase, haka suke tafe bibbiyu. Amma kar ka ɗauka dokar ba ta da 'yan tawaye: pepsin da trypsin enzayim ne su ma, an raɗa musu suna ne tun kafin a daidaita kan wannan wutsiyar. Hyper da hypo kuwa a kansu nake ɗaga murya. Ta farko yawa, ta biyu ƙaranci. Hyperglycaemia sukari ya hau a jini, hypoglycaemia ya faɗi ƙasa. Da yawan yaran nan akwai mai ciwon suga a gidansu, kuma wasunsu aikin nas suke hari, saboda haka ba na bari a wuce wurin sai kowa ya faɗa daidai sau uku.

In kalmar tana da labari, ba da labarin. A 1665 wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna a jere, sai ya kira su cell, daga kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin ɗaki. Nakan nuna wa yaran ɗakunan haya da ke kewaye da mu in ce ga abin da ya gani, kowane ɗaki da bangonsa. Ba wanda ya taɓa mance wannan.

Abu na biyu, je wurin mahauci. Nan ne darasin da na fi so, kuma nan Hausarmu take ɗan yi mana ƙafar ungulu. Sau ɗaya a kowane zangon karatu nakan kwashi yaran da sassafe mu je rumfar wani dattijon mahauci a bakin layinmu, in sayi kayan ciki da maƙogwaro haɗe da huhu da zuciya. Yaro ya taɓa zoben guringuntsin maƙogwaro da yatsansa, ya ji yadda suke hana bututun rufewa, kalmar trachea ta zauna. A buɗe cikin saniya a ga ɗakuna huɗu: babban tumbi mai kama da tawul shi ne rumen, mai zanen saƙar zuma reticulum, mai ganye-ganye kamar shafukan littafi omasum, na ƙarshe mai santsi abomasum, wanda shi ne ke fitar da ruwan narkar da abinci irin na cikinmu.

Sai maganar jijiya. Na taɓa ce wa dattijon, "Baba, ware min jijiyoyin nan iri-iri." Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai jijiya jijiya ce." A Hausa gaskiyarsa. A jarrabawa kuwa abubuwa biyar ne muka tara a kalma ɗaya. Artery tana ɗauke jini daga zuciya. Bangonta kauri gare shi, in ka yanka ta bakin yana nan a buɗe kamar tiyo. Vein tana mayar da jini zuciya. Bangonta siriri ne, da ka yanka sai ta lanƙwashe ta manne. Nerve farin zare ne marar rami, saƙo yake kaiwa. Tendon yana ɗaure tsoka da ƙashi, ligament yana ɗaure ƙashi da ƙashi. Nakan sa kowane yaro ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya ya faɗi sunan da aikin. Kuma a lura, bambancin artery da vein a alkiblar tafiyar jinin yake. Masu haddace cewa artery kullum jini mai iskar oksijin take ɗauka, wadda ke zuwa huhu daga zuciya ce ke kayar da su, don ita jinin da ya rasa iskar take kaiwa. Kalmar "ƙwaya" ma haka take: ta magani, ta hatsi, ta cuta, ta halitta. Kar ka bar ta tsirara a littafinka, kullum ka bi ta da abin da ke fayyace ta.

Madafa ma aji ce, amma ba zan daɗe a nan ba. Tauna burodi marar suga ka riƙe shi a baki na ɗan lokaci, za ka ji zaƙi-zaƙi ya fara fitowa: amylase na yau ne ke farfasa sitaci. Ɗiga aidin a kan dafaffen rogo ya koma shuɗi mai duhu, gwajin sitaci ke nan. Barbaɗa gishiri a yankakkiyar kokwamba ta fara tsattsafo ruwa, gishirin ne ke janyo shi waje, osmosis ke nan. Farin ƙwai da ya daskare a kasko ba ya komawa ruwa, abin da ake nufi da furotin ya yi denature ke nan. Tsamin kokon da muke sha da ƙosai kowace safiya kuwa aikin ƙwayoyin bakteriya ne da suka kwana a gasarar gero, fermentation.

Kalmomin gado su ne masu wuya, kuma da sikila nake koyar da su, don babu layin da ba a san ta ba a zango. Sunan ma daga lauje ya samo asali, saboda siffar da jajayen ƙwayoyin jini ke komawa. Haemoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin, sarƙoƙi huɗu gare shi, alfa biyu, beta biyu. A sarƙar beta akwai amino asid 146, kuma a gurbi na 6 kaɗai aka samu canji, valine ya zauna a mazaunin glutamic acid. Shi ke nan fa. Lafiyayyar ƙwayar jini kan yi kwana wajen 120, mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Ka ga haemolysis ta dawo, ga anaemia, wato ƙarancin jini, ga dalilin da idanu ke yin rawaya. Nakan gaya wa yaran cewa a nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye, aka fara gwajin sikila ga jarirai sabbin haihuwa a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong.

Sai in kawo jaka biyu da murafun kwalba. Jaka ɗaya uwa, ɗaya uba, kowacce da murfi biyu, an rubuta A na lafiyayyen haemoglobin a ɗaya, S na sikila a ɗayan. Kowane murfi allele ne, wato nau'in gadon da uwa ko uba ke iya ba ɗa. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka, abin da ya fito shi ne genotype na jaririn. AA ko SS, iri ɗaya, homozygous. AS, iri biyu, heterozygous. SS shi ne mai ciwon sikila, damar fitowarsa ɗaya cikin huɗu ce. Mu rubuta, mu mayar da murafun, a sake, har sau arba'in. Mayarwar nan ita ce darasin. Wata ɗalibata ta taɓa zaro SS sau uku a jere, ta ce, "Madam, ba kin ce ɗaya cikin huɗu ba?" Na ce mata kowane ciki sabon zare ne, jaka ba ta tuna abin da ya fito jiya. Ta yi shiru, daga baya ta ce min yayyenta biyu duk suna da ita. In akwai lokaci nakan ƙara murfin C, don irin wannan haemoglobin ɗin yana da yawa a arewacin Gana, inda iyayen da yawanmu suka fito.

Saura rubutu. Masu duba takarda ba sa yafe kuskuren harafi a irin waɗannan kalmomi, kuma da dalilinsu: ureter daga ƙoda zuwa mafitsara take, urethra daga mafitsara zuwa waje. Glycogen ajiyayyen sukari ne a hanta da tsoka, glucagon kuwa sinadarin da ke sa a fito da ajiyar. A rabuwar ƙwayar halitta, mitosis na ba da ƙwayoyi biyu, kowacce da kuromozom 46 a jikin mutum. Meiosis na ba da huɗu, kowacce da 23. Irin waɗannan tagwaye kati ɗaya nake sa a rubuta su, gefe da gefe. Kwalin shayi muke yankawa mu yi katin: kalma a gaba, a baya kuma gaɓoɓinta, da bayani a Hausar yaron kansa, da inda ya taɓa ganin abin da idonsa. Kalma biyar a rana ta isa. Sai gwangwanin Milo uku. Sabon kati yana shiga na farko, ana duba shi kullum. Wanda aka ci sau uku a jere ya koma na biyu, na ranar Juma'a. Wanda ya tsallake Juma'a uku ya koma na uku, na ƙarshen wata. Wanda aka faɗi a ko'ina, ko da harafi ɗaya ne ya kuɓuce, ya dawo gwangwanin farko.