Kwikwiyo mai lalurar haihuwa: kurakuran da na gaji da gani

Yawancinmu a Bauchi ba daga gidan ajiye karnuka marasa gata muke samo kwikwiyo ba, irin yadda ake yi a Turai. Mai kiwo ne zai sayar da lafiyayyun, ya rage guda ɗaya wanda kowa ya ɗaga ya ajiye, sai ya ce maka "ɗauki wannan kyauta", ko ya karya maka kuɗi. Ko yara su tsinto shi a kwalbati, ko maƙwabci zai tashi ya bar maka. Sau da yawa wannan ragowar da lalura aka haife shi: ta zuciya, ko ganɗa, ko cibiya, ko kunne, ko ƙugu. Karɓarsa ba laifi ba ne, lada ne ma in an riƙe shi da amana. Ina kiwon karnukan gadin gona a hanyar Dass, shi ya sa samari suke turo mini hotuna a WhatsApp, amma kusan kullum sai bayan aikin gama ya gama. Kurakuran nan dai su ne, masu yin su ne kawai suke sabuntawa.

Babba a cikinsu shi ne a karɓi kwikwiyo a wuce da shi gida ba tare da likitan dabbobi ya ɗora masa abin sauraron ƙirji ba. Daga nan sai a shiga canki-canka. Ba ya girma? Tsutsa ce. Yana haki? Zafi ne. Ba ya bin 'yan'uwansa da gudu? Rago ne, a hore shi. Wannan kalma ta "rago" ta kashe karnuka da yawa.

Akwai wata jijiya da ke kusa da zuciya wadda aikinta a cikin mahaifa ne kawai, tana kauce wa huhu da jini tunda ɗan tayi ba ya numfashi. Ya kamata ta rufe a kwanakin farko bayan haihuwa. In ta ƙi rufewa, jini yana ta komawa huhu yana dawowa, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta har ta faɗaɗa, ruwa ya fara taruwa a huhu. Likita yana jin ƙarar da wannan lalurar take haddasawa a ƙirji a minti ɗaya, kai ma wani lokaci in ka sa tafin hannu a bayan gwiwar ƙafarsa ta gaba ta hagu za ka ji wata karkarwa a ƙirjin. In an gano da wuri ana iya ɗaure jijiyar da tiyata, kare ya yi rayuwarsa. In an bari, da yawa ba sa cika shekara.

A kan wannan na rasa wata karya Alseshan, irin manyan karnukan nan na Jamus, da aka ba ni saboda ta fi sauran ƙanƙanta. Wanda ya ba ni ya ce nono ne bai ishe ta ba, na yarda. Na yi ta ɗura mata maganin tsutsa, yaron gonata kuma yana fita da ita gudu da hantsi wai don ta yi ƙwari, a watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kaiwa digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jikinsa, to ka haɗa wannan da zuciyar da dama a gajiye take. Sai da ta fara tari da dare, tana ƙin kwanciya, sannan na kai ta. Likita ya saurara, ya ɗago ya ce, "Malam, tun yaushe take haka?" Kuɗin da na kashe a makonnin da suka biyo baya sun ninka na dubawar farko nesa ba kusa ba, kuma ba su hana ta tafiya ba.

Tun daga lokacin ba kwikwiyon da yake kwana biyu a wurina bai ga likita ba, ko na kyauta ne ko na kuɗi. Ba duk ƙarar zuciya ce matsala ba, akwai maras ƙarfi da take ɓacewa da kanta kafin wata 5 ko 6, shi ya sa nake komawa a sake saurara. In ta tsaya, likita ne zai ce ko sai an dangana da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi, irin na Jami'ar Jos ko na ABU Zariya. Abin da nake yi a gida kuwa, in kare ya yi barci sai in ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na daƙiƙa 15 in ninka sau 4. In ya riƙa haura 30 a minti, ba na jiran gobe. Ina kuma ɗaga leɓensa in dubi dasashi: ja-ja mai haske ake so, fari fat ko mai shuɗi-shuɗi alamar tashi tsaye ce. Fita kuwa sai da asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma in ya zauna a hanya, zaman ya yi, ba a jan igiya.

Sai ku masu zuwa kemis. Wallahi kuna ba ni haushi. Mutum ya je ya ce wa mai kemis "Oga, karena ba ya jin daɗi", a ƙullo masa ibufurofen ko diklofenak irin na mutane. Waɗannan suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda. Farasitamol ma in ya yi yawa hanta yake ci. Wani kuma ya ari allurar ibamektin, maganin tsutsa na shanu, ya zuƙo da ido, ya soka wa kwikwiyon da bai kai kilo 3 ba, sai ga yawu na dalala, yana tangaɗi, ido ya rufe. Lafiyayyen kare ma da ƙyar yake tsira, balle wanda aka haifa da rauni. Ba a ba kare magani sai an auna nauyinsa. Fiya-fiya don kaska da baƙin mai don ƙaiƙayi, duk wanda ya koya muku wannan bai yi muku adalci ba, guba ce, kuma kare yana lasar jikinsa.

Akwai ƙananan kurakuran da zan ambata a gurguje. Kwikwiyon da nono yake fitowa ta hancinsa, a buɗe bakinsa a dubi ganɗa, wataƙila a tsage take, kuma ɗura masa madara yana rigingine shi ne hanyar da za ta gangara huhu. Madarar shanu zawo take sa su. Wanda yake tumbuɗin abinci ba yunƙurin amai da zarar an yaye shi, mai yiwuwa maƙoshinsa ne bai tura abinci yadda ya kamata, ni nakan ba shi kaɗan-kaɗan a tsaye, in riƙe shi haka na minti 15 bayan ya gama. Cibiyar da ta turo ba a ɗaure ta da tsumma da kwabo, ƙarama takan rufe da kanta, amma ranar da ta yi tauri ko yana ihu in an taɓa, aikin likita ne a ranar. Farin kwikwiyon da ake duka wai ba ya jin kira, a tafa hannu a bayansa yana barci, mai yiwuwa kurma ne, da alamar hannu ake koya masa, kuma ba a sakinsa kusa da titi. Ragowar miya da albasa a ciki tana lalata jinin kare, gishiri da magi kuma suna ƙara wa mai ciwon zuciya nauyi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa a hanji.

Wani kuskuren da tausayi yake jawowa shi ne a ce "jikinsa ba ƙwari, ba zai iya ɗaukar rigakafi ba". Mai rauni ai shi ne cutar fabo take fara kayarwa, wadda take zuwa da amai da zawon jini mai wari. Allurar haɗaka, mai rigakafin fabo da wasu cututtuka, ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta haukar kare a wata 3, sannan duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924, tana yin rigakafin haukar kare, Vom ɗin kuma nan kusa da Jos take, don haka kada wani ya ce maka abin Turawa ne. Likita ne zai yanke ko a ɗaga allurar saboda zazzaɓi, ba kai ba. Wannan kuma ba don kare kaɗai ba ne, akwai yaran gida da na maƙwabta, ciwon hauka in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. In an yi cizo, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti.

Na bar kuskuren da ya fi ciwo a ƙarshe: haɗa shi barbara don a mayar da kuɗi. Wani ɗan ɗan'uwana ya taɓa ce mini, "Kawu, ai Bobul ce, ko ɗingishi take yi 'ya'yanta za su yi kuɗi." Na ce masa ɗingishin ma za su gada. Gurguntar ƙugu a manyan karnuka irin Alseshan da Rotwaila da Bobul tana bin jini, haka jijiyar zuciyar nan, haka marainan da suka maƙale a ciki. Dama ta yaya ragowar nan suke yawaita a hannunmu? Masu kiwo ne suke haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, saboda ba sa son biyan kuɗin namiji daga waje, sai lalurar da take ɓoye ta fito fili. Kai da ka karɓi wanda aka yar don tausayi, sai kuma ka zama mai ƙera wasu guda shida ka tura wa mutane ba ka faɗa musu ba? Wannan ha'inci ne, ko a ciniki ma ɓoye aibin kaya haramun ne, ba sai na ja maka aya ba. Ga kuma ita karyar: ciki da haihuwa suna iya kashe wadda zuciyarta ba ta da lafiya.

Ni a wurina duk kare mai lalurar haihuwa fiɗiya ake yi masa, namiji ko mace, in dai likita ya ce zai iya ɗaukar allurar barci. Ba dandaƙa irin ta bunsuru a bayan gida ba, aikin asibiti. Namijin da ya kai wata 6 maraininsa ɗaya ko duka biyu ba su sauko ba, kada a ce za su sauko da girma, wanda ya maƙale a ciki ya fi saurin kamuwa da ciwon daji, cire shi ake yi. Masu cewa fiɗiyayyen kare ba ya gadi su zo gonata da dare su gwada.

In riƙon ya fi ƙarfinka, kuɗi ko lokaci, kada ka kai shi bayan gari ka sake, kada kuma ka miƙa wa dillalan da suke lodin karnuka zuwa kasuwarsu ta garin Dawaki a jihar Filato. Nemi wanda zai iya, ka faɗa masa lalurar da sunanta, ka haɗa masa da katin rigakafi da takardar da likita ya rubuta magungunan, da nauyin karen na ƙarshe da aka auna da ranar da aka auna shi.