Yadda ake faten wake ba nama ba kifi

Masu cewa faten wake ba ya daɗi sai da busasshen kifi ko ganda, idan kika bi diddigi za ki tarar ba rashin kifin ne ya kashe musu girki ba. Ko dai waken bai nuna ba, ko an lafta masa kanwa har ya yi baƙi yana wari. Na gani a wurin ƙannena, na gani a wurin amaren unguwarmu, na kuma gani a wurin samarin da ke girka wa kansu a makaranta. Kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum: a haɗa komai a tukunya lokaci guda, a rufe, a koma gefe ana jira.

Don mutum 4 zuwa 5, gwangwanin madara 3 na wake ya isa. Sai manyan albasa 3, attaruhu 3 ko yadda gidanku ke cin yaji, tattasai 3, tumatir 2, manja kamar rabin gwangwani, daddawa guda 2, ɗan citta da tafarnuwa, gishiri, da alayyafo ɗauri ɗaya mai kyau. Kada ki ga albasar ta yi miki yawa ki rage. A wannan girkin ita da daddawa ne ke tsayawa a gurbin nama.

Tun daga kasuwa aikin yake farawa. Ki damƙi waken a hannu, ki kai hanci. Idan kika ji warin fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, ki ajiye ki wuce gaba, komai arharsa. Wasu masu ajiya suna zuba wa wake magani don ƙwaro kada ya ci, kuma abin ya kai har Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin da ake samu a jikinsa. Gara mini wake mai ɗan huji nan da can da wanda ya yi sumul yana ƙamshin magani. Idan kina da wanda ke ajiya a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ki riƙe shi, don wannan rashin iska ne ke kashe ƙwaron, ba magani ba. Ki kuma tambayi mai wake ko na bana ne. Sabon wake na kaka yana nuna da wuri, wanda kuwa ya kwana a rumbu har damina ta sauka yana cin wuta sosai, ga shi lokacin ne ya fi tsada. Ni farin wake manya nake so a fate, don yana narkewa ya ba da kauri. Jan wake ya fi zaƙi, amma a wajenmu kuɗinsa ya fi, ban kuma ga dalilin kashe su a fate ba.

Ki tsince, ki wanke, ki rege a ƙwarya saboda tsakuwa. Ni ba na surfa waken fate. Surfe na ƙosai ne da alala da miyar wake.

Ki zuba waken a tukunya da ruwan da ya sha kansa, ki bari ya tafasa kamar minti 10, sannan ki tsiyaye ruwan ki zubar. Za ki ga ruwan ya yi duhu da kumfa. Wannan tafasar farko tana rage gafi, kuma masu kukan wake na kumbura musu ciki sukan sami sauƙi da ita. Amma ba ta mayar da wake mai magani ya zama lafiyayye, shi ya sa na ce tun a kasuwa ki guje shi. Kafin ki tsiyaye, ki tabbata kina da wani ruwan zafi a gefe. Shi za ki mayar wa waken, ya hau kansa da kamar gaɓar yatsa 2. Ki yanka albasa ɗaya ki watsa a ciki, ki rufe.

To, nan ne wurin da nake so ki tsaya ki saurare ni, don a nan nawa ya taɓa lalacewa.

Ba abin da zai shiga tukunyar nan sai wake da ruwa da albasa, har sai waken ya nuna. Ba tumatir, ba jajjage, ba manja. Ina sabuwar amarya na taɓa ɗora faten wake za a kai wa surukata da ba ta jin daɗi, ita ce ma ta aiko cewa shi take marmari. Don in yi sauri na markaɗa kayan miya da tumatir mai yawa, har da na gwangwani, na juye a kan ɗanyen wake. Tun bayan azahar tukunyar ke kan gawayi, aka kira la'asar, na ɗebo na latsa, waken yana nan garas-garas. Ruwa ya ƙone, na ƙara, ya sake ƙonewa. Da hankalina ya tashi sai na jefa kanwa mai girman goro. Tukunyar ta yi kumfa ta taso, jan miyar ya koma kalar ƙasa, waken ya farfashe ta waje, ɗanɗanon kuma ya koma kamar sabulu. Ranar baiwar Allah ba ta ci abin da ta roƙa ba, abin ya daɗe yana damuna. Wata dattijuwa da muke haya gida ɗaya ce ta leƙo ta ga tukunyar, ta ce, "'Yar nan, wake ba ya son kishiya a tukunya sai ya nuna tukuna. Gobe ki kira ni kafin ki ɗora."

Dalilin shi ne tsami. Tsamin tumatir yana riƙe wake ya hana shi laushi, kamar yadda tsamiya ko lemon tsami za su yi. Duk wutar da za ki ba shi bayan nan, wahala kawai za ki sha. Kanwa kuma akasin haka take yi, tana sassauta shi, shi ya sa iyayenmu ke jefa ta. Amma ita ma tana da iyaka. Idan ta yi yawa tana baƙanta abinci, ta kashe ɗanɗano, ta rage wani ɓangare na amfanin waken, ga ɓata ciki. A gwangwani 3, kanwar da ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa ba ta isa, kuma ki jiƙa ta a ɗan ruwa, ki tsiyaye ruwan saman a tukunya ki bar yashin a ƙasa. Idan waken sabo ne, ki bar kanwar gaba ɗaya. Ni sai tsohon wake nake sa wa, ko idan ruwan da na samu na rijiya ne mai zartsi, don irin wannan ruwan shi ma yana sa wake taurin kai. Wanda ba ya son kanwa ko kaɗan, ya jiƙa waken tun dare ko na awa 4 zuwa 5 kafin girki, zai ga bambanci har a gawayin da zai ƙona.

Gishiri ba shi da laifin da ake ɗora masa, amma ni sai waken ya fara laushi nake sawa, don ruwa yana raguwa, kuma wanda ya sa tun farko yakan wuce gona da iri bai sani ba.

Wuta matsakaiciya ake so, tukunya tana ɓararraka a hankali. Kada ki yi ta juyawa. Juyi a wannan lokacin yana farfasa na saman, garin ya sauka ƙasa ya kama, ƙauri ya shiga, kuma ƙaurin wake ba ya fita ko me kika zuba. Idan ruwa ya ja baya, ki ƙara na zafi kaɗan-kaɗan ta gefen tukunya. Ruwan sanyi yana katse tafasa, ya mayar da ke baya. Sabon wake zai iya nuna cikin minti 40 zuwa 50, tsoho yakan haura awa ɗaya. Agogo dai ba shi ne alƙali ba. Ki ɗebo ƙwaya 4 ko 5 daga wurare daban-daban, ki latsa tsakanin yatsu. Idan ya murje luguf, ba wani farin gari mai tauri a tsakiya, ya yi. Idan ɗaya daga ciki ya ƙi, ki mayar da murfi. Mutane da yawa ƙwaya ɗaya suke latsawa, ta saman da ta fi shan tururi, su ce ya nuna. Ki tuna da zarar tumatir ya shiga, inda waken ya tsaya nan zai tsaya.

Mai tukunyar nan mai matse tururi ta huta, minti 15 zuwa 20 ya ishe ta, gas ɗinta ma ya huta. Sai dai kada ta cika ta fiye da rabi, don wake yana kumfa.

Yayin da waken ke dahuwa, sai ki haɗa abin da zai ba shi daɗi a wata tukunyar daban. Ki jajjaga attaruhu da tattasai da tumatir a turmi. Jajjage nake so, ba markaɗe ba, don markaɗen inji yana zuwa da ruwa, sai ki ɓata lokaci kina ƙonar da shi. Ki daka daddawa da citta da tafarnuwa su yi laushi. Daddawar kalwa ta ɗorawa ita ce ta ainihi. Ta waken suya ta fi araha kuma tana yi, amma ƙamshinsu ba ɗaya ba ne.

Ki ɗora manja ya narke kawai, kada ki bari ya yi hayaƙi har ya koɗe. Ki zuba sauran albasa 2 da kika yanka siri-siri, ki rage wuta, ki tsaya a kanta. Wannan ba suyar minti 2 ba ce. Albasar za ta fara yin laushi, ta yi haske kamar gilashi, sannan gefenta ya fara ja, ƙamshinta ya tashi daga yaji-yaji ya koma zaƙi-zaƙi. Zai ɗauki minti 10 ko fiye. A nan ne za ki zuba dakakkiyar daddawa a cikin man, ki juya na minti ɗaya. Daddawar da aka soya daban take da wadda aka jefa a ruwa: warinta yana kwanciya, ta bar wani ɗanɗano mai nauyi wanda mai ci zai yi ta laluben ƙashi a kwano yana zaton akwai. Sannan jajjage ya biyo baya, da gishiri kaɗan, ki soya har ruwan ya tsotse, man ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu.

Idan manja ya yi tsada, ki raba shi biyu da man gyaɗa. Man gyaɗa zalla ma yana yi, sai dai faten zai fito fari-fari, yara kuma da ido suke fara ci. Dunƙulen ɗanɗano kuwa, guda ɗaya ko 2 ya isa idan daddawarki mai kyau ce. Wanda ke gudun nama gaba ɗaya, ko don likita ya hana ko don ra'ayinsa, ya duba takardar, don wasu ana haɗa su da ɗanɗanon kaza ko na jatan lande.

Yanzu ki juye soyayyen kayan a kan waken. A lokacin ya kamata a ce akwai sauran ruwa daidai kan waken, ba tsululu ba, ba kuma a bushe ba. Ki ɗebi ludayi ɗaya ko 2 na waken ki murje da bayan ludayi a jikin tukunya, ki mayar. Wannan ne kaurin faten, ba ya buƙatar gari ko wani abu. Ki juya sau ɗaya har ƙasa da muciya, ki ɗanɗana gishiri, ki rage wuta sosai, ki bar su minti 10 su san juna. Daga nan kam sai kin riƙa leƙawa, don da ya yi kauri yake saurin kamu.

Idan waken bai da yawa kuma bakuna sun yi yawa, dankalin Hausa ko kabewa suna ƙara auki. Ki yanka ƙanana ki zuba tun waken ya kusa nuna, kafin kayan miya. Kabewa tana narkewa ta ƙara zaƙi da kala, ni na fi son ta.

Alayyafo shi ne ƙarshe. Ki wanke da gishiri saboda ƙasa, ki yanka, ki zuba a sama, ki rufe minti 3, ki juya, ki sauke. Idan zogale ne ki ba shi lokaci fiye da haka, ko ki tafasa shi daban tukuna. Ki sauke faten yana ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so, don yana hucewa yana ƙara kauri.

Ana ci haka nan da cokali, ko a barbaɗa garin kwaki a kai, ko da biredi, ko a ɗora a kan farar shinkafa. A gidanmu da ɗanyar albasa da yajin ƙuli muke ci. Abin da ya rage kada ki bar shi a rufe da ɗuminsa ya kwana, musamman da bazara, kafin asuba zai yi tsami. Ki juye a faffaɗan kwano ya huce da wuri, ki sa a firji idan akwai wuta. Da safe ki yayyafa masa ruwa kaɗan, ki ɗumama a ƙaramar wuta har ya tafasa sosai, a sha da koko.