Yadda ake gwajin tafiyar minti shida ga wanda gajiya ta ƙi saki bayan korona

Sau da yawa mutum zai zo da hoton ƙirji lafiya lau, gwajin jini babu matsala, amma tun da ya tashi daga korona ko wata cutar bairas ba ya iya hawa bene ba tare da ya tsaya ba. Tafiyar minti shida ita ce hanya mafi arha ta auna ƙarfin irin wannan jiki: mutum ya yi ta kai da komowa na minti shida, ka ƙirga mitocin da ya yi.

Ka nemi baranda miƙaƙƙiya marar gangare, mita 30, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar likitocin huhu ta Amurka ta 2002 ta tanada. Kada ka kashe kuɗi: galan biyu sun isa alamar juyawa, agogon waya ya isa, sai kujera a kusa. Ban yarda a yi shi a layin unguwa ba, don Jos duk hawa da sauka ce.

Wanda za ka gwada ya zauna minti 10 tukuna. Ka ɗauki bugun zuciya da yawan oksijin da na'urar nan ta yatsa, ka tambaye shi ƙarfin haki daga 0 zuwa 10. Da hunturu a fara ɗumama hannu, yatsa mai sanyi yana ruɗa na'urar, haka ma jan farce da baƙin lalle.

A nan ɗalibai ke ɓata aikin. Sai ka ga yaro ya jera da majinyaciya yana cewa, "Yauwa Hajiya, ƙara sauri!" Ita kuwa kunya ba za ta bari ta ce ta gaji ba, sai ta bi takunsa har ta wuce ƙarfinta. Abin da ka auna ke nan saurin ɗalibi. Ka tsaya a wurin farawa. Kowane minti kalma ɗaya, murya ɗaya: "Kina ƙoƙari, saura minti huɗu." In ta tsaya hutawa, agogo na ci gaba. In akwai ciwon ƙirji, jiri, tangaɗi, ko oksijin ya yi ƙasa da kashi 80 cikin 100, a dakata nan take.

Lafiyayyen babba kan yi tsakanin mita 400 da 700, kuma sai bambanci ya kai kamar mita 30 ake ɗaukarsa canji na gaske. Sai dai mai wannan larura yana iya yin mita 450 yana murmushi, bayan awa 12 zuwa 48 ya kwanta rashe-rashe: ciwon gaɓoɓi, kai ya yi nauyi, tunani ya cushe. Don haka tun kafin gwaji ka tambaya ko ƙaramin aiki yana kayar da shi washegari. In haka ne sosai, ni ba na sa shi tafiyar.

Wanda ka gwada kuwa, ka kira shi gobe da jibi. Katin waya ne kawai. Kada ka ce "Ya jiki?", amsar "Da sauƙi" ce ko yana kwance. Ka ce: "Baba, a tsaye ka yi sallar asuba ko a zaune? Ka leƙa kasuwar Taminus kamar yadda ka saba?"

Ka rubuta amsar a gefen mitocin, da oksijin da hakin ƙarshe da yawan tsayawa. Maimaici kuma a baranda ɗaya, a lokaci ɗaya na yini.