Yadda Na Sa MailHog Ya Riƙa Tashi da Kansa

Ina amfani da MailHog wajen gwada saƙonnin imel da manhajata ke aikawa, amma duk lokacin da na sake kunna kwamfuta sai na tayar da shi da hannu. Na rubuta fayil ɗin mailhog.service a cikin /etc/systemd/system, domin systemd, mai tayar da shirye-shirye a Linux, ya riƙa tayar da shi, amma ya ƙi tashi, umarnin systemctl status kuma ya nuna 203/EXEC, wato an kasa tayar da shirin. Ashe laifina ne, domin a layin ExecStart, wanda ke faɗin shirin da za a tayar, na nuna shirin da ke cikin jakar asusuna, inda asusun da na ba aikin ba shi da izinin shiga. Na kwafe shirin zuwa /usr/local/bin, na gyara layin, na buga systemctl daemon-reload don systemd ya sake karanta fayil ɗin, sannan systemctl enable --now mailhog don MailHog ya tashi nan take, ya kuma riƙa tashi da kansa. Yanzu saƙonni suna shiga ta tashar sadarwa (port) mai lamba 1025, ina karanta su a burauza ta tasha mai lamba 8025.